Rage Huhu Domin Ƙara Numfashi: Sharhi Kan Tsokar Shamakin Ƙirji

 

Mas'alar da muka ɗauko yau tana daga cikin mas'alolin likitanci waɗanda, in aka faɗe su a dunƙule, sai mai sauraro ya yi tsammanin an yi tuntuɓen harshe. Ga mutum numfashi ya yi masa ƙaranci, har ya zamana ba ya iya takawa daga ƙofar gidansa zuwa masallacin unguwa sai ya tsaya ya dafa bango yana haki, sa'an nan likitan fiɗa, bayan ya auna shi ya duba hotunan ƙirjinsa, ya ce masa abin da ya rage shi ne a yanke wani sashe na huhunsa a fitar. Ta yaya za a rage ma'ajiyar iska ga wanda iska ba ta isarsa, kuma a ce taimakonsa aka yi? Amsar tana wurin wata tsoka guda ɗaya wadda galibin mutane ba su taɓa tunawa da ita ba, alhali kuwa tun ranar da aka haife su take yi musu hidima, dare da rana, a farke suke ko suna barci.

Bari mu fara da yadda Allah Ya tsara halittar a lokacin lafiya, domin ba a gane karkata sai an san miƙewa. Huhu, duk da shi ake ambata in ana zancen numfashi, ba ya iya jawo iska da kansa. Jawo masa ake yi. Mai wannan aiki ita ce wata tsoka siririya, mai faɗi, wadda ta raba ƙirji da ciki, kowane mahauci ya san ta, likitoci na ce mata dayafaram, mu kuwa za mu kira ta tsokar shamaki. Gefunanta suna manne da ƙananan haƙarƙari da ƙashin baya da ƙarshen ƙashin ƙirji, tsakiyarta kuma ta tashi sama cikin ƙirji kamar ƙwaryar da aka kife. Idan umurni ya zo mata daga ƙwaƙwalwa, ta wasu jijiyoyi biyu da suka sauko daga wuya, sai ta tsuke, tulluwarta ta yi ƙasa, ta danna kayan ciki, ta buɗa ƙananan haƙarƙari waje, ƙirji ya yalwata, iska ta kwararo ta cike gurbin. Fitar da numfashi kuwa, ga mai lafiya da ke zaune, kyauta ce: tsokar ta saki, huhu ya koma da kansa saboda ɗabi'ar tsukewa da aka halicce shi da ita. Haka abin yake maimaituwa kimanin sau 20,000 a kowace rana, kuma mafi yawan wannan aiki, in mutum yana hutawa, ita ke ɗauke da shi.

To, akwai wata cuta da ake kira emfisima, ɗaya daga cikin cututtukan da ke toshe hanyoyin numfashi na dindindin, wadda likitan nan na Faransa René Laennec, mutumin da ya ƙago abin sauraron ƙirji da likitoci ke ratayawa a wuya, ya siffanta ta cikin littafinsa na shekarar 1819. Babban sababinta hayaƙin taba ne, ko da yake akwai waɗanda ke gadon ta saboda ƙarancin wani sinadari mai kare huhu, wanda masana biyu na ƙasar Suwidin, Laurell da Eriksson, suka gano a 1963. A cikin huhu akwai ƙananan jakunkunan iska, ɗaruruwan miliyoyi, inda jini ke karɓar iskar oksijin. Cutar tana cinye bangayen waɗannan jakunkuna sannu a hankali, shekara da shekaru, har su haɗe su zama manyan kogunan da ba su da amfani, ɗabi'ar tsukewar ta tafi, ƙananan hanyoyin iska kuma, waɗanda da can naman huhu ke riƙe da su a buɗe, su riƙa rufewa duk lokacin da mutum ya zo fitar da numfashi. Iska tana shiga, amma ba ta fita duka. Abin da ya saura yau ya haɗu da na jiya, huhu ya kumbura ya cika ƙirji maƙil, ya tura haƙarƙari waje, ya danne tsokar shamaki ƙasa, har ƙwaryar nan da aka kife ta baje ta zama faifai.

A nan ne musibar tsokar take, kuma ta fuska uku take zuwa mata. Ta farko, ƙa'ida ce a kan kowace tsoka cewa tana da wani tsawo da ta fi ƙarfi a kansa, in kuwa aka tilasta mata fara aiki tana a taƙure, ƙarfinta ya ragu ko da lafiyarta ƙalau. Tsokar shamakin mai emfisima kuwa kullum a taƙure take, domin tun kafin a umurce ta da sauka an riga an saukar da ita. Ta biyu, sashen gefenta da ke kwance a jikin haƙarƙari, wanda da shi take buɗa ƙirji, yana raguwa ƙwarai, har ya kai ga in ta tsuke, maimakon ta buɗa ƙananan haƙarƙari waje sai ta jawo su ciki, alamar da likitan Amurka Charles Hoover ya bayyana a 1920, kuma har gobe likitoci na dubawa. Ta uku, saboda iskar da ta maƙale tana da sauran matsi a ƙarshen kowane numfashi, dole tsokar ta fara kashe wani ƙarfi wajen rinjayar wannan matsi kafin ko ƙanƙanuwar sabuwar iska ta shigo. Nauyi ya ƙaru, ƙarfi ya ragu, a lokaci guda. Shi ya sa za ka ga maras lafiyar ya kira tsokokin wuya da na kafaɗa su kawo ɗauki, jijiyoyin wuyansa sun fito, in ya yi 'yar tafiya numfashinsa ya ƙara sauri, lokacin fitar da iska ya ƙara gajarta, kumburin ya ƙara hauhawa, har ya tsaya dole. Da yawansu ma suna ramewa, domin numfashin kansa ya zama aikin ƙarfi mai cin abincin jiki.

An daɗe ana zaton tsokar ce ta lalace. Amma a 1991 Thomas Similowski da abokan aikinsa suka buga wani bincike da ya nuna cewa in aka gwada masu wannan cuta da masu lafiya a daidai cikar huhu iri ɗaya, tsokar shamakin marasa lafiyar ba ta gaza ta masu lafiyar ba. Sa'an nan a 1997 Sanford Levine da jama'arsa a Filadalfiya suka duba naman tsokar kanta, suka tarar ta sauya halitta, ta yawaita irin zaruruwan da ke jure gajiya, wato dai abin da ke faruwa ga tsokar mai dogon gudu saboda yawan horo. Haƙiƙa ba ta tsira daga lahani gaba ɗaya ba, musamman in cutar ta yi nisa, ko rama ta yi yawa, ko an daɗe ana shan magungunan sitiroyid. Sai dai asalin illarta mugun matsayin da aka ajiye ta ne. Wannan kuwa bushara ce, domin abin da matsayi ya ɓata, gyaran matsayi yana iya dawo da shi.

Wanda ya fara gwada wannan ra'ayi da wuƙar fiɗa, tun kafin a yi waɗannan binciken, shi ne Otto Brantigan, likita a birnin Baltimo na Amurka, wanda ya bayyana aikinsa a 1957. Hujjarsa ita ce in aka rage girman huhun da ya kumbura, sauran zai sami wurin miƙewa da tsukewa, hanyoyin iska su buɗe, tsokar shamaki ta koma sama. Mafi yawan waɗanda suka rayu sun ce sun sami sauƙi, amma fiye da 15 cikin 100 sun rasu sanadiyyar aikin, ga shi kuma bai kawo awon da zai gamsar da takwarorinsa ba, saboda haka aka yi watsi da ra'ayin fiye da shekara 30.

Wanda ya farfaɗo da shi shi ne Joel Cooper, likitan da ya jagoranci dashen huhu na farko da ya yi nasara mai ɗorewa, a Toronto ta Kanada a 1983. Cikin aikin dashen ne ya lura da wani abu: in aka cire wa mai emfisima kumburarren huhunsa aka sa masa madaidaici, ƙirjin da ake zaton ya sandare yana komawa siffarsa, tsokar shamaki kuma tana sake tashi ta ci gaba da aikinta. Da ya koma Jami'ar Washington da ke San Luwis, sai ya soma yin aikin rage huhu a 1993, yana tsaga ƙashin ƙirji, yana cire kashi 20 zuwa 30 cikin 100 na kowane huhu daga wuraren da suka fi lalacewa, yana ɗinke bakin yankan da wata na'ura, yana ƙarfafa ɗinkin da tantanin zuciyar saniya domin rage yoyon iska. A 1995 ya buga sakamakon mutum 20 na farko, inda yawan iskar da suke iya busarwa a daƙiƙar farko ya ƙaru da kimanin kashi 80 cikin 100. Daga baya aka riƙa yin aikin ta ƙananan ƙofofi a gefen ƙirji da taimakon kyamara.

Yanzu mu zo ga zuciyar magana: me ke samun tsokokin numfashi bayan wannan aiki? Masana ba su tsaya ga abin da maras lafiya ya faɗa da bakinsa ba, sun auna, kuma hanyar awon tana da ban sha'awa. Ana zura siraran bututu biyu ta hanci, kowanne da ɗan balan-balan a bakinsa, ɗaya ya tsaya a hanyar abinci cikin ƙirji, wato saman tsokar, ɗaya ya wuce cikin tumbi, wato ƙarƙashinta, bambancin matsin da ke tsakanin biyun shi ne mizanin ƙarfinta. Domin kada himmar mutum ko kasalarsa ta shiga cikin awon, sai a zaburar da jijiyar wuyan da lantarki ko da maganaɗisu, tsokar ta tsuke ba da nufinsa ba. Da irin wannan awo Franco Laghi da Martin Tobin da abokan aikinsu, a wani asibiti kusa da Shikago, suka bayyana a 1998 cewa a cikin marasa lafiya 7 da suka bibiya, wata 3 bayan fiɗar, ƙarfin wannan tsukewa ya ƙaru da kimanin rabi. A 1998 ɗin dai Gerard Criner da jama'arsa a Jami'ar Temple ta Filadalfiya su ma suka sami ƙaruwar ƙarfin tsokar, kafin su kuma, a 1997, Fernando Martinez a Jami'ar Mishigan ya nuna cewa kumburin da ke hauhawa lokacin motsa jiki ya ragu, sarƙewar numfashi ta yi sauƙi. Masu binciken da suka yi aiki da hotunan ƙirji, a Amurka da Beljiyam, sun ga dalilin da idanunsu: tsokar ta ƙara tsawo, ta koma sama, sashen nan nata da ke kwance a jikin haƙarƙari ya dawo da wani abu na faɗinsa.

Akwai wata fa'ida da ta fi waɗannan duka kusa da abin da maras lafiya ke ji a jikinsa. Azabar sarƙewar numfashi, a fahimtar masana, tana tasowa ne daga saɓani tsakanin umurnin da ƙwaƙwalwa ke aikawa da sakamakon da take samu: ta yi kira da iyakar ƙarfinta, iskar da ta shigo kuwa 'yar kaɗan. Binciken Laghi ya nuna cewa bayan fiɗar wannan saɓani yana raguwa, ƙaramin umurni yana haifar da aikin da da can sai babba, tsokokin wuya da na haƙarƙari suna samun sassauci, kuma gyaruwar wannan daidaito ta tafi tare da ƙaruwar nisan da mutum ke iya takawa cikin minti 6. Henry Fessler da Solbert Permutt na Jami'ar Johns Hopkins suka taƙaita hikimar a 1998 da cewa asalin matsalar rashin dacewa ne tsakanin girman huhu da girman ƙirjin da ke ɗauke da shi, fiɗar kuwa daidaita su take yi. Likitan bai taɓa tsokar da wuƙarsa ba ko kaɗan; wuri kawai ya ba ta, ita ta yi sauran.

Amma fa, jama'a, ilmi amana ne, kuma wanda ya faɗi amfanin magani ya ɓoye haɗarinsa bai cika amanar ba. Bayan rahoton Cooper asibitoci da yawa a Amurka sun ruga cikin aikin, sakamako ya saɓa, wasu suka amfana, wasu suka rasa rayukansu, har hukumomin lafiya na ƙasar suka shirya babban gwaji a cibiyoyi 17, inda daga 1998 zuwa 2002 aka raba marasa lafiya 1,218 gida biyu ta hanyar ƙuri'a, ɗaya aka yi masa fiɗa, ɗaya aka bar shi a kan magani, bayan kowa ya bar taba kuma ya yi horon motsa jiki na mako 6 zuwa 10. Tun a 2001 aka yi gaggawar sanar da cewa akwai wani rukuni da bai kamata a taɓa ba, su ne waɗanda ƙarfin busawarsu bai wuce kashi 20 cikin 100 na abin da ya kamata ba, kuma ko dai cutar ta game huhun bai ɗaya, ko ikon huhun na miƙa iska ga jini ya faɗi ƙwarai; a cikinsu 16 cikin 100 suka rasu a kwana 30 na farko bayan fiɗar, alhali ba wanda ya rasu cikin takwarorinsu na gidan magani a wannan tsakani. Da cikakken sakamakon ya fito a 2003, sai aka ga cewa, in an haɗa kowa da kowa, mutuwa a kwana 90 na farko ta kai 7.9 cikin 100 ga waɗanda aka yi wa fiɗa, 1.3 ga waɗanda ba a yi wa ba. Waɗanda suka fi cin moriya, har da ƙarin tsawon rai bisa ƙiyasi, su ne waɗanda lalacewar ta taru a saman huhunsu kuma ƙarfin motsa jikinsu ya kasance ƙasa ko bayan horo. Hikimar a fili take: inda ɓarnar ta taru wuri guda, akwai abin cirewa, akwai kuma abin bari mai sauran amfani, inda ta game ko'ina, duk abin da aka yanke asara ce. Malaman fiƙihu sun kafa ƙa'ida cewa tunkuɗe ɓarna yana gaba da jawo amfani, kuma a nan likitoci sun iso ga wannan hukunci ta hanyar ƙidaya.

A ƙara da cewa yoyon iska daga bakin yankan yana samun galibin waɗanda aka yi wa aikin, sau da yawa ya kai mako guda ko fiye, kuma sauƙin da ake samu yana kai ƙololuwarsa cikin watannin farko, sa'an nan ya riƙa raguwa a shekarun da ke biye, domin cutar tana nan cikin sauran huhun, jakar iskar da ta rushe kuwa ba ta sake ginuwa. Saboda waɗannan dalilai aka nemi hanyar da ta fi sauƙi, aka ƙago wasu ƙananan murafu da ake sakawa cikin hanyar iska ta baki, ba tare da yanka ba, masu barin iska ta fita daga lalataccen sashe amma su hana ta komawa, har sashen ya motse. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da irin wanda ake kira Zephyr a 2018. Manufar ɗaya ce, a ba tsokar shamaki wuri, kuma saka murfin ma yana da sharuɗɗansa da haɗarinsa, musamman fashewar huhu da taruwar iska cikin ƙirji, wadda ke samun kimanin mutum ɗaya cikin huɗu.

Mai sauraro zai iya cewa, wannan duk labarin manyan asibitocin Turai da Amurka ne, mu ina ruwanmu? Ruwanmu babba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cututtukan toshewar numfashi na dindindin sun kashe mutum miliyan 3.5 a 2021, kuma kusan 90 cikin 100 na waɗanda suka rasu kafin cika shekara 70 suna ƙasashe masu ƙarami ko matsakaicin arziki ne. A ƙasashen masu arziki taba ce ke haddasa fiye da kashi 70 cikin 100, a irin namu kuwa hayaƙin girki yana da kaso mai tsoka, ko da yake shi ya fi ɓata hanyoyin iska, taba ta fi rusa jakunkunan. Iyayenmu mata da suka shekara arba'in suna hura murhu cikin madafar da ba ta da taga, da dattawan da suka daɗe da sigari, da samarin da suka rungumi shisha suna zaton ruwa yana wanke hayaƙin, duk suna cikin wannan lissafi.

Kuma ilmin da aka samo daga ɗakin fiɗa yana da amfani ko ga wanda ba zai taɓa shiga ɗakin ba. In kun ga dattijo ya sunkuya gaba ya dafa gwiwoyinsa yana numfashi, kada ku ce masa ya miƙe ya zauna daidai, domin wannan sunkuyon yana tura kayan ciki sama, su ɗaga tsokar shamaki zuwa tsawon da ta fi ƙarfi a kansa. In yana fitar da iska sannu a hankali ta tsukakken baki, dabara ce mai kyau, tana hana ƙananan hanyoyin rufewa da wuri, tana rage abin da ke maƙalewa. A riƙa ba shi abinci mai gina jiki kaɗan-kaɗan, sau da yawa a yini, domin cikakken tumbi yana takura numfashi, rama kuma tana cin tsoka. Kada a kwantar da shi da sunan tausayi, tafiya daidai gwargwado kullum magani ce, bisa shawarar likita. Magungunan shaƙa masu buɗe hanyoyin iska su ma suna rage kumburin, wato suna yin kaɗan daga abin da fiɗar ke yi. Sama da duka, kada a tuhume shi da ragwanci ko son jiki, domin yana zaune ne kawai a ganinmu, amma a cikin ƙirjinsa aikin ƙarfi ake yi wanda ba hutu a cikinsa.

Duk wanda ya haura shekara 40, yana fama da tari mai daɗewa ko haki a kan ƙaramin aiki, kada ya yanke wa kansa hukunci cewa fuka ce ko tsufa. Ya je asibiti a duba shi, a kore tarin fuka da ciwon zuciya, ya nemi a yi masa awon busa iska in akwai na'urar. Mai shan taba ya bari yau, domin barinta a kowane mataki yana rage saurin lalacewar, magidanci kuma ya fasa taga a madafar gidansa, ko ya fitar da murhu fili, ko ya nemi wanda ba ya hayaƙi in yana da hali. Jiki amana ne da za a tambaye mu a kansa.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya saka wa masu jinyarsu da alheri, Ya ƙara wa likitocinmu basira.